Daga Ja Zuwa Ruwan Toka: Gishiri Mai Gudana, Seleniyom da Cajin Waya a Daura

Duk mai riƙe da wayar zamani a Daura ya san cewa data rabin magana ce, ɗaya rabin kuwa caji ne. Wanda ya bi ta bakin kasuwa ko tasha zai ga rumfunan masu caji, teburi cike da soket, wayoyi a jere kowace da lambarta a manne. A da, ƙarar ƙaramin janareta ce ke nuna wa baƙo inda rumfar take. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan ƙara ta ragu a wurare da dama, farantin sola ya hau kan rufin kwano. Sai kuma ga abin da ya faru a watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, jihohi da yawa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. A wannan lokaci, daga cikin birnin Daura har ƙauyukan Mai'adua, Zango, Sandamu da Ɓaure, wanda ke da sola shi ne sarki.

Rana dai ba ta yi wa wannan yanki rowa ba. Abin da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya na ƙasa a kowace rana ya kai kusan yunit 6 na makamashi, irin yunit ɗin da mitar KEDCO ke ƙirgawa. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin farantin da zai kama wannan haske, da nauyinsa, da kuma cewa kusan duk daga waje ake kawo shi. Shi ya sa masu bincike a ƙasashe daban-daban suke neman hanyar yin faranti siriri, marar nauyi, mai araha, wanda za a iya nannaɗe shi kamar tabarma. Ɗaya daga cikin sinadaran da wannan buri ya rataya a kansu shi ne seleniyom. Shi kuwa seleniyom yana da wani hali mai ban mamaki: irin ruwan da aka sarrafa shi a ciki shi ke yanke hukuncin ko zai fito mai amfani ko zai fito kamar jan laka.

Tsohon ɗan wasa a filin hasken rana

Kusan dukkan farantan da ake gani a kan rufin gidaje yau da silikon aka yi su. Amma ba silikon ne ya buɗe fagen ba. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Jöns Jacob Berzelius, shi ya gano seleniyom a shekarar 1817, cikin wani jan dagwalo da ke kwanciya a ƙasan tankunan wata masana'antar asid. Ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin wata, na sama. A 1873, wani injiniya Bature mai suna Willoughby Smith, wanda ke gwajin wayoyin tangaraho na ƙarƙashin teku, ya lura cewa sandunan seleniyom da yake aiki da su suna barin wuta ta wuce sosai idan haske ya same su, su kuma toshe idan duhu ya yi. Shekara goma bayan haka, a 1883, Charles Fritts na birnin New York ya shafa seleniyom a kan ƙarfe, ya rufe shi da siririn zinare, ya samu ƙwayar sola ta farko a duniya. Abin da take mayarwa lantarki daga hasken da ya sauka kanta bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Sai a 1954 ne silikon ya shigo da kusan kashi 6 cikin 100, ya ture seleniyom gefe.

Bai tafi hutu ba, sana'a ya canza. Na'urar fotokwafi ta Xerox 914 da ta fito a 1959 gangarta da seleniyom aka lulluɓe ta, kuma haka aka yi ta yi shekaru da yawa kafin a koma wasu sinadaran. Yana cikin wasu na'urorin ɗaukar hoton ƙirjin mata a asibiti don gano kansa. Yana cikin ƙananan ƙwayoyin da ke ba talabijin ɗin QLED kaifin launi, irin ƙwayoyin da suka jawo wa mutum uku kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2023. Har a sabulun wanke kai na maganin amosani ana samun sa.

A fagen sola kuma ya dawo ta bayan gida, cikin wani haɗi da ake kira CIGS, wato jan ƙarfe da indiyom da galiyom da seleniyom. Kaurin wannan shafi bai wuce maikuromita 2 ba, alhali yankan silikon na kai wa wajen 150. Don mai karatu ya gane, silin gashin kai guda yana kai wa wajen maikuromita 70. Saboda sirantakarsa ana iya ɗora shi a kan gilashi, ko fallen ƙarfe, ko roba mai lanƙwasuwa. A 2023 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun kai ingancinsa kashi 23.64 cikin 100.

To me ya hana shi cika kasuwa? Yawanci a cikin manyan injunan da aka zuƙe iskar cikinsu ake yin sa, a zafin da ya haura digiri 500, kuma wani ɓangare na sinadaran masu tsada yana ƙarewa a jikin bangon injin maimakon kan farantin. Akwai hanyar da ta fi sauƙi a takarda: a narkar da sinadaran cikin ruwa, a tsoma fallen ƙarfe, a saki lantarki, su hau jikinsa su kwanta, kamar yadda ake yi wa ɗan kunne ko agogo ruwan gwal. A wannan hanya kusan duk abin da aka zuba yana zuwa inda ake so. A nan ne seleniyom ke nuna taurin kansa.

Darasin marina

Kafin a shiga wannan matsala, akwai kalma ɗaya da ya kamata a warware. Masana sinadarai suna cewa an yi wa abu "ragi" idan ya karɓi ilektiron, wato waɗannan ƙananan ƙwayoyin da gudunsu a cikin waya shi ne wutar lantarki. Idan hakan ta faru, lambar cajin abin ce ke raguwa.

Ƙasar Hausa ta daɗe tana wannan aiki ba tare da kiran sa da wannan suna ba. Shuɗin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai kama zare ba. Marini yakan zuba baba da toka da katsi a karofi, ya bar su kwanaki yana motsawa har ruwan ya nuna. Abin da ke faruwa a cikin ramin shi ne ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna miƙa wa shuɗin ilektiron, sai ya narke, ya koma launin kore-kore mai ratsin rawaya, ya shige cikin zare. Da an ɗago tufa iska ta buge ta, sai ilektiron ɗin su tafi, shuɗi ya dawo ya maƙale. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga wannan da idonsa. Kuma kowane marini ya san cewa baba ɗaya ce, amma idan ruwan karofi bai yi daidai ba, rini ba zai ci ba.

Haka labarin seleniyom yake. Idan aka narkar da gishirinsa, yakan kasance da lambar caji ta +4. Ana so a ba kowace ƙwayar zarra tasa ilektiron 4 cif, ta sauko zuwa sifili, ta zama seleniyom tsantsa ta kwanta a kan ƙarfe. Idan aka ƙara mata 2 kuma, sai ta zarce zuwa −2, ta koma wani abu daban da ake kira selenaid. Wannan mataki na biyu ana buƙatarsa idan ana son seleniyom ya haɗu da jan ƙarfe ko indiyom, amma a cikin ruwa yana zuwa da haɗari.

Laifuffukan ruwa

Seleniyom tsantsa yana da fuskoki. Akwai ja, wanda ƙwayoyinsa suke a hargitse ko a dunƙule kamar zobba, kowanne zaman kansa yake yi. Wannan ba ya barin wuta ta wuce. Akwai kuma mai ruwan toka, mai ƙyalli kamar ƙarfe, wanda ƙwayoyinsa suka jeru cikin dogayen sarƙoƙi masu murɗewa kamar carbi, sarƙa kusa da sarƙa. Shi ne ke ɗaukar wuta, shi ne kuma ke amsa haske. Na ruwan tokar nan ake nema a harkar sola.

Idan aka yi aikin a cikin ruwan da aka saba da shi, a zafin ɗaki, jan ne ke fitowa. Kuma da zarar siririn shafi ja ya rufe ƙarfen, shi ke nan ya toshe hanya, ilektiron ba su da ta wucewa, aikin ya yi ta jan ƙafa har ya kusa tsayawa. Kamar mai gini ne ya fara da toshe ƙofar da ake miƙo masa tubali. Zafi ne ke sa ƙwayoyin su samu damar jeruwa su koma ruwan toka, kuma zafin da ke ba da sakamako mai kyau yana farawa ne daga wajen digiri 100. A daidai nan ne kuma ruwa ke tafasa ya bi iska.

Matsala ta biyu ita ce ruwa ba ya jure ƙarfin lantarki. A lissafi, da an kai bolt 1.23 ruwa yana iya tsagewa ya koma iskar haidirojin da iskar oksijin. A aikace yakan ɗan jure fiye da haka, amma ba da yawa ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa babu ruwa a cikin batirin waya, wanda ke aiki a wajen bolt 3.7 zuwa sama da 4. Indiyom, musamman kuma galiyom, ba sa sauka kan ƙarfe sai an matsa lantarki sosai, kuma kafin su sauka ruwa ya fara tsagewa. Kumfar haidirojin na tasowa a jikin farantin, ta bar ƙananan huji. Huji ɗaya a shafin da kaurinsa bai wuce maikuromita 2 ba ya isa ya haɗa sama da ƙasa, wuta ta zurare.

Ta uku ta fi muni. Idan seleniyom ya zarce zuwa −2 a cikin ruwa mai tsami, yakan haɗu da haidirojin ya zama wata iska mai wari da guba, wadda kaɗan daga cikinta ke ƙona idanu da huhu. Wadda ba ta tashi sama ba kuma takan ci karo da seleniyom mai +4 da ke yawo a ruwan, su biyun su haɗu su zubo a matsayin jan gari a ƙasan tukunya. Sinadari mai tsada ya tafi a banza, farantin kuma bai samu komai ba.

Gishirin da ba ya daskarewa

Gishirin miya, ko na kanti ne ko na Bilma da ayarin raƙuma ke kawowa, ƙwayoyi iri biyu ne suka yi shi, ɗaya mai cajin tarawa, ɗaya mai cajin ɗebewa. Dukansu ƙanana ne, masu siffa ɗaya, suna jeruwa tsaf kamar bulo a gini. Don a narkar da shi ba tare da ɗigon ruwa ba sai an kai shi digiri 801. Amma idan aka sauya waɗannan ƙwayoyi da wasu manya-manya, karkatattu, mai doguwar jela a nan, mai ƙusumbi a can, sai su kasa jeruwa. Mai lodin mota ya san bambancin jera buhunan siminti da jera kujeru da kekuna da tukwane. Tunda ginin ya ƙi tsayuwa, gishirin sai ya zauna a narke ko a zafin ɗaki. Ba ruwan gishiri ba ne, domin babu ruwa a cikinsa ko kaɗan. Gishirin ne da kansa yake gudana kamar mai. Masana sun sa iyaka cewa duk gishirin da ke narkewa ƙasa da digiri 100 ya shiga wannan aji.

Paul Walden ne ya ba da rahoton ɗaya daga cikin na farko a 1914, mai narkewa a digiri 12. An daɗe ba a kula da su ba, saboda waɗanda aka yi ta gwadawa daga baya suna lalacewa da zarar sun shaƙi danshi. A 1992 John Wilkes da Michael Zaworotko suka fito da irin da ke jure iska da danshi, daga nan ne bincike ya ɓarke.

Idan aka ɗauki laifuffukan ruwa ɗaya bayan ɗaya, za a ga dalilin zumuɗin. Wannan gishiri kusan ba ya tururi, kuma da yawa daga cikin ire-irensa suna jure digiri 200 ko fiye ba tare da sun lalace ba. Ke nan ana iya yin aikin a digiri 120 ko 150 a buɗaɗɗiyar tukunya. A 2007, ƙungiyar Farfesa Frank Endres ta jami'ar Clausthal da ke Jamus, tare da Sherif Zein El Abedin ɗan ƙasar Masar, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da seleniyom a cikin irin wannan gishiri. Sun nuna cewa daga digiri 100 zuwa sama, seleniyom mai ruwan toka ne ke kwanciya kai tsaye. Tunda shi yana barin wuta ta wuce, shafin na iya ci gaba da kauri ba tare da ya toshe kansa ba. A cikin gishirin guda kuma sun sauke indiyom da jan ƙarfe.

Ta fuskar lantarki, da yawansu suna jure bolt 4 zuwa 6 kafin su fara rushewa. Wannan fili ya ishi galiyom da indiyom su sauka ba tare da kumfa ba. Kuma tunda yawancinsu ba su da sakakken haidirojin irin na ruwa mai tsami, seleniyom da ya zarce zuwa −2 ba ya samun abokin da zai zama iska mai guba da shi. Yakan zauna a narke har ya gamu da ƙarfen da ake so ya aura.

Akwai wani tasiri da ya fi waɗannan ɓoyuwa, kuma shi ne ya fi jan hankalin masana. A cikin ruwa, ruwan ɗan kallo ne kusan. Gishiri mai gudana kuwa yana sa hannu a cikin aikin. Ƙwayoyinsa masu cajin ɗebewa suna kewaye seleniyom su riƙe shi, kuma ƙarfin riƙon ne ke nuna yawan lantarkin da za a matsa kafin ya saki ya karɓi ilektiron. Masu cajin tarawa kuma suna taruwa a jikin ƙarfen layi-layi, kamar 'yan dako sun cika bakin sito, duk abin da zai shiga sai ya ratsa ta cikinsu. Wannan cunkoso yana shafar girman ƙwayoyin da ke tsirowa da siffarsu. Ƙungiyar Clausthal ɗin ta ga haka ƙarara da alminiyom: a wani gishirin ya fito da ƙwayoyi manya, da aka sauya ɓangaren mai cajin tarawa kawai sai ya fito da ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi. Ma'ana, mai bincike na iya zaɓen ruwan da zai ba shi irin shafin da yake so, abin da ruwan famfo ba zai taɓa ba shi ba.

Takin zamani da abincin kaji

Matsalar ita ce irin gishirin da aka yi waɗannan gwaje-gwaje da shi yana da tsada ƙwarai, kuma sau da yawa sai an yi aikin a cikin rufaffen akwati da aka kori danshi daga cikinsa, domin ɗan ruwa kaɗan idan ya shiga sai tsofaffin matsaloli su dawo. Amma yana da wani ɗan'uwa talaka, wanda kayan haɗinsa ba baƙi ba ne a ƙasar Daura.

A 2003, Andrew Abbott da abokan aikinsa na Jami'ar Leicester a Ingila suka cakuɗa gari biyu farare. Ɗaya yuriya ne, takin nan da manomin gero da dawa ke nema ruwa a jallo da damina, wanda ke narkewa a digiri 133. Ɗayan kuma kolin kulorayid ne, sinadarin da ake ƙarawa a abincin kaji, wanda sai an kai wajen digiri 300 yake narkewa. Da aka haɗa su bisa ƙa'idar ƙwaya biyu ta yuriya ga ƙwaya ɗaya ta kolin, aka ɗan ɗumama, sai garin biyu suka koma ruwa garai-garai wanda ba ya daskarewa sai an sauko digiri 12. Masu tsananin bin ƙa'ida ba sa sanya shi cikin ajin gishiri mai gudana na asali, tunda yuriya ba ta da caji, amma halayensu sun yi kama sosai.

An gwada seleniyom a cikinsa. A 2013, Moussa Bougouma, masani daga Burkina Faso, tare da abokan aikinsa a wata jami'a ta birnin Brussels, sun wallafa bincike kan yadda seleniyom ke karɓar ilektiron a cikin wannan haɗi. Sun nuna cewa zafi da kuma ƙarfin lantarkin da aka saka su ne ke raba gardama tsakanin ja da ruwan toka, kuma a digiri 110 ana iya samun mai ruwan toka. A Jami'ar Luxembourg kuma an sauke jan ƙarfe da indiyom da galiyom daga cikin haɗin, sannan aka gasa su da tururin seleniyom aka samu ƙwayar sola mai aiki.

Wannan ɓangaren ne ya fi dacewa da Najeriya. Masana'antar takin Ɗangote da ke Legas, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2022, an gina ta ne don samar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara, ga kuma ta Indorama a kusa da Fatakwal. Gwajin farko ba ya buƙatar injin biliyoyi: na'urar daidaita lantarki, abin ɗumamawa, ma'auni mai kyau da ɗakin da ke zuƙe hayaƙi. Aiki ne da bai fi ƙarfin cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina ba, ko ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura mai neman abin da zai yi aikin kammala karatu a kai, wanda ba kwafe-kwafe ba, yana da fili a nan. Har yanayin wurin ma abin bincike ne: haɗin yana shan danshi daga iska, don haka yadda zai yi aiki a busasshen hunturu daban yake da yadda zai yi a watan Agusta.

Sai dai a yi hattara, takin da ake sayarwa a buhu ba shi da tsabtar da irin wannan aiki ke buƙata, kuma gishirin seleniyom guba ne. Jikin babban mutum yana buƙatar wajen maikurogiram 55 ne kawai a rana, wanda abinci ke bayarwa. Idan ya yi yawa, gashi na zuba, farce na karyewa, numfashin mutum ya riƙa warin tafarnuwa. Ba abin gwadawa a ɗaki ba ne don a ɗora a TikTok.

Inda aka tsaya

Gishiri mai gudana yana da kauri. Irin wanda aka yi amfani da shi a Clausthal ya yi kusan kaurin man gyaɗa, haɗin yuriya kuwa ya ninka ruwa kauri sau ɗaruruwa a zafin ɗaki. A cikin ruwa mai kauri ƙwayoyin seleniyom tafiyar hawainiya suke yi kafin su isa jikin ƙarfe, don haka aikin na da jinkiri, masana'anta kuwa da minti take lissafi. Ɗumamawa na rage kaurin, amma ita ma kuɗi ce, kuma yuriya idan ta daɗe a kan zafi takan fara rushewa. An kuma daɗe ana yi wa waɗannan sinadarai kirarin masu kare muhalli saboda ba sa tururi, alhali wasunsu suna kashe halittun ruwa idan aka zubar da su a kwata.

Sannan ga kasuwa, wadda ba ta san sabo ba. Farashin farantin silikon ya yi ta faɗuwa tun da China ta riƙe fiye da kashi 80 cikin 100 na sarrafa shi a kowane mataki. Kamfanonin da suka dogara da CIGS da yawa sun durƙushe: Solyndra ta Amurka a 2011, Nanosolar a 2013, ita ma Solar Frontier ta Japan ta daina ƙera nata a 2022. Shi kansa seleniyom ba a haƙar sa shi kaɗai. Daga lakar da ke kwanciya wajen tace jan ƙarfe ake tsamo shi, kuma abin da duniya ke samarwa a shekara bai wuce tan dubu kaɗan ba. Indiyom ya fi shi ƙaranci, ga shi kuma allon kowace wayar shafa-shafa yana buƙatarsa. Don haka duk wanda ya ce wa mai karatu farantin da aka yi a gishiri mai gudana zai iso Kasuwar Daura baɗi, tallar iska yake yi.

Inda siririn faranti ke da bakin magana shi ne wuraren da silikon mai gilashi da firam ya yi nauyi: bayan jaka, rufin Keke NAPEP, rumfar da ake kwashewa da yamma, ko bukkar makiyayi mai tashi. Yana kuma ɗan fin silikon jure zafi, abin da ke da muhimmanci a garin da watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, farantin da ke kan kwano kuwa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Shi ma seleniyom tsantsa an waiwaye shi. A 2017 masu bincike na kamfanin IBM sun kai ƙwayarsa kashi 6.5 cikin 100, bayan an shafe fiye da shekara 30 a kan kashi 5. A rana wannan ba komai ba ne, amma seleniyom mai ruwan toka ya fi dacewa da irin hasken ƙwan LED na cikin ɗaki, shi ya sa ake duba shi don ƙananan na'urori irin su rimot da firikwensin da ake so su rayu ba tare da canjin batir ba.

Akwai kuma yiwuwar amfanin farko da zai iso nan ya zo ta ƙofar shara. Farantan da ake sauke wa a kasuwannin Arewa, waɗanda wasunsu kwance ne tun daga Turai, za su mutu wata rana, su faɗa hannun 'yan gwangwan. Irin ruwan da ke iya sauke ƙarfe a kan faranti yana iya narkar da shi daga mataccen faranti, sannan a sake sauke shi da lantarki. A 2022 masu bincike a Leicester sun nuna yadda ake ciro azurfa da alminiyom daga tsofaffin ƙwayoyin silikon da wani haɗi mai ɗauke da kolin ɗin nan na abincin kaji, maimakon asid mai ƙarfi.

Kafin wannan lokaci, mai sayen sola na iya gane abin da ke hannunsa da ido. Farantin silikon yana da murabba'ai a jere da siraran layukan azurfa a kansu. Siririn faranti kuwa baƙi ne bai ɗaya, da layuka sirara ƙwarai masu tafiya a tsaye, kuma takardar da ke manne a bayansa takan nuna CIGS ko CIS ko CdTe. Waɗannan ukun, idan sun fashe ko sun mutu, kada a jefa su wuta don ciro waya, kada kuma a bar yara su yi wasa da ɓaraguzansu. Haka nan gangar tsohuwar na'urar fotokwafi mai ƙyalli kamar madubi, irin wadda har yanzu ake tsinta a bayan wasu shaguna: hayaƙinta seleniyom ne.